Rami na Goma Sha Huɗu

Ni ne Nomau, mai ba ciyawa ruwa.
Kafin ladanin Jiratawa ya gyara murya
na warware tiyo, na murɗa famfo,
ina shayar da abin da mutum bai ci, dabba ba ta taɓa.
Hantsi na yi Barmu zai zo da injinsa
ya yi mata aski kamar jariri ran suna.
Gobe ma suna, jibi ma suna.

Rami tara gare mu a filin golf.
A gidanmu in an sari rami, iri ake jefawa,
a rufe da diddige, a jira Allah.
Nan kuwa ƙwallo ne, fari fat, bai kai ƙwan kaza ba,
babban mutum ya biyo shi tun daga bakin gulbi,
ya lallaɓa shi har ya faɗa,
sannan ya duƙa ya ciro abinsa.

Baƙin Yamai da na Kano, har da masu jan kunne,
an ce sun ba mu taurari biyar a cikin waya.
Da dare na ɗaga kai na duba:
kaza da ƴaƴanta na nan, zara na nan,
ban ga inda aka ɗiba ba.
Amma kar in ci amanar gaskiya,
jika arba'in na zuwa duk ƙarshen wata,
kwanon da ke kan ɗakin Cima, ciyawar nan ce ta saya.

Ran Laraba darakta ya tara mu.
Takarda ɗaya ta cinye bango.
Shirin shekara ashirin ne, in ji shi:
tara za ta koma sha takwas,
nan otal hawa uku, nan wurin iyo,
can farantan sola,
ga makarantar koya wa yaranmu riƙon sanda,
ga kwalta har Madarunfa.
Aka yi tafi. Ni ma na yi.

Ban yi lakwal ba,
amma gwiwar gulbi ko a takarda na san ta.
Na bi ta da yatsa,
na wuce fadamar Tankari, na wuce rijiyar masu zogale,
wadda bana sai da aka ƙara wa gugarta igiya gaba biyu,
sai ga ƴar tuta ja
daidai inda gawon babana yake tsaye.
Sha huɗu ke nan, in ji Barmu, shi da ya iya lamba.

Gawon nan ɗan gardama ne.
Damina ya tuɓe, rani ya sa riga.
A gindinsa muka tsinki gyaɗa har yatsu suka dare,
a nan tsoho ya raba mana gona mu huɗu
da sanda, ba takarda.

Da aka watse na tsaya.
Na ce da injiniya, wata yarinya mai suna Zuwaira,
ranki ya daɗe, na ga masu wasan nan
sun fi jin daɗi in hanya ta ba su wuya.
Ba ku son abin kewayawa?
Ta dube ni, ta dubi bango, ta yi dariya,
ta zana da'ira a gefen tutar.
Da fensir ta zana. Na lura.

Shekara ashirin.
Darakta zai canza, ni ma an canza ni.
Shi ya sa jiya da la'asar
na bi jar akuyar Cima a baya kamar maraya,
na tsinci ƙwayar gawo uku cikin kashinta,
don sai ta bi cikin dabba take yarda ta tsira.
Na taka har inda takardarsu ta ƙare,
na ƙara taki ɗari don tsaro,
na sari rami,
na rufe da diddige.